Minti Goma Sha Ɗaya a Gidan Su Musallam

Ga wadda ta yi mini saƙo tana tambaya ko har yanzu Umma ba ta sauko ba, amsar ita ce ba ta sauko ba, amma ta hau mota. A gidanmu wannan ci gaba ne.

Waɗanda suka shigo yau kuma, sunana Zuwaina, shekarata ashirin da bakwai, ina aikin ba da magani a wani asibiti a Nizwa. Akwai wani bawan Allah, Musallam, da muka yi karatu tare a Maskat, kuma shekara biyu ke nan da ya turo kawunsa wurin Babana da maganar aure. Baba ya ce zai duba. Baba bai ƙi shi ba, Baba bai taɓa ƙin komai ba a rayuwarsa, jira yake Umma ta ƙi a madadinsa. Laifin Musallam ɗaya ne, mutumin Sadah ne, can ƙarshen kudu a bakin teku, inda yake aiki a ofishin kula da masunta. Daga ƙofarmu zuwa ƙofarsu ya haura kilomita dubu. Umma ba ta faɗin lambar, cewa take yi bayan duniya.

Sai kuma Gwaggo Nasra, yayar Baba, wadda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata. Tana da ɗa, Hilal, wanda take so ya aure ni. Hilal ba shi da aibu, yana salla, yana wanke motarsa duk Juma'a, sai dai na san shi tun yana cin ƙasa, kuma shi ma ya san ni tun ina yi masa tsawa ya tofar. Ba ya sona, ba na son shi, mun yi wannan maganar mun gama cikin mutunci a bakin famfo. Iyayenmu mata ne kawai ba su samu labari ba, ko kuma sun samu sun ajiye a gefe.

Duk shekara idan zafi ya kai inda ba a taɓa sitiyarin mota da hannu tsirara, unguwarmu takan ɗauki hayar bas mai cin mutum ashirin da biyar a tafi Salala shan damina. Mu mutanen arewa haka muke, mu yini guda a hanya don mu je mu shimfiɗa tabarma a cikin yayyafi mu ci shinkafa jiƙaƙƙiya, mu dawo da mura muna godiya ga Allah. Bana ana saura mako guda a tafi, muna cin abinci, Baba ya dubi kwanonsa ya ce tunda za a bi ta wajen, ya kamata a tsaya a gaida mutanen nan. Umma ta ce Sadah ba a kan hanya take ba, Sadah ba ta kan hanyar ko'ina. Baba ya ce haka ne, ya ci gaba da cin abincinsa. Bayan kwana biyu, ba tare da kowa ya sake tayar da zancen ba, Umma ta leƙo ɗakina ta ce awa ɗaya za a yi a gidan, kuma in ajiye jan jambakin nan a gida.

Na fahimci me awa ɗayar take nufi. Idan Umma ta fito daga gidan ba ta sami abin kamawa ba, magana ta ci gaba. Idan ta samu, Baba zai gama dubawarsa a ranar.

Na sa abayata mai surfanin azurfa a hannu a ƙasan akwati, na naɗe ta a cikin zanin gado don kada Gwaggo ta gani ta tambayi bikin wa za a je. Na sa lalle iya yatsu, wanda za a iya cewa na nishaɗi ne. Umma ta sayi alewar Nizwa babban kwano, mai zafaran da gyaɗa a kai, ta ce ba don kowa ta saya ba, don kada a ce mutanen Nizwa sun zo hannu rabbana. Na rubuta wa Musallam cewa za mu zo ranar Talata kafin azahar, mu huɗu har da Gwaggo. Ya ce mutum nawa ne a bas ɗin. Na ce ashirin da uku, amma huɗu ne za su shigo. Ya turo mini hoton babban yatsa. Shi ke nan abin da ya turo, kuma na yi minti ashirin ina kallon yatsan.

Mun tashi bayan sallar asuba. Wanda ya taɓa bin hanyar ya sani, da zarar ka wuce garin Adam ba sauran abin kallo, kwalta ce miƙe da ƙasa shimfiɗe hagu da dama har idonka ya gaji ya koma kan ƙeyar na gabanka. Na gabana kuwa Gwaggo Nasra ce. Tun kafin mu kai Haima ta gaya wa bas ɗin kaf cewa za a yi ɗan ratse ranar Talata, "wata 'yar gaisuwa ce ta ƙanena, ba wani abu ba," ta faɗa da muryar da ta sa matan kujerun baya suka juyo suka dube ni ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ta shiga labarin wata yarinya 'yar Bahla da aka kai aure nesa, wadda uwarta ta rasu ba ta samu halartar jana'izar ba. Da muka tsaya cin abinci ta sake ba da shi, wannan karon yarinyar 'yar Izki ce. Umma ta kawar da kai. Tana zaune kusa da ni jikin taga, lokaci lokaci ta ɗaga hannun riga ta duba agogo, na ɗauka lokacin salla take dubawa.

Kwana uku muka yi a Salala. An sha kwakwa, an ɗauki hoto da gajimare, Baba ya zame a kan ciyawa ya tashi ya ce da gangan ya zauna. Ni ban ga komai ba. Ina cikin koren tsaunukan da mutane suke kuka idan sun gani, hankalina yana kan ko abayar ta yamutse.

Ranar Talata muka nufi gabas. Bayan Taƙa da Mirbat koren ya ƙare kamar an yanke shi da almakashi, aka koma duwatsu baƙaƙe da iska da raƙuma masu tsayawa tsakiyar titi suna tunanin rayuwa. Mutanen bas suka fara gunaguni, wani dattijo ya ce shi ruwa ya biyo, in dutse ne yana da shi a bayan gidansa. Gwaggo ta ce a yi haƙuri, sha'anin yara ne. Na manna goshina a gilashi ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Sadah ta bayyana bayan wata kwana, gari ne ɗan ƙarami da ya maƙale tsakanin dutse da teku. An janye kwale-kwalen duka an kifa su a kan yashi saboda a wannan lokacin teku ba ya karɓar kowa, raƙuman ruwa suna dukan katangar tashar jiragen ruwa suna watso gishiri har kan titi. Tsofaffin gidajen fatake suna tsaye ba tagogi, ga warin busasshen kifi, ga kanti ɗaya da kyanwa kwance a bakinsa. Umma ta duba dama, ta duba hagu, ta ce, "Nan ne duka?" Direba ya ce nan ne duka.

Musallam yana tsaye a bakin tashar cikin farar jallabiya da rawani mai ruwan toka, iska tana ƙoƙarin ƙwace masa. Wata biyar rabona da ganinsa. Ya yi baƙi, ya rame kaɗan, kuma zuciyata ta yi abin da ba zan rubuta ba saboda ƙanwata tana karanta wannan shafin. Ya gaida Baba da hannu biyu, ya gaida Umma idonsa a ƙasa, bai dube ni ba ko sau ɗaya, yadda ya kamata. Wayata ta yi motsi a jaka. Ban san lokacin da ya rubuta ba: "Hannun abayar ya yi kyau."

Ya hau matakalar bas ya ce kowa ya sauko, gida na kowa ne. Umma ta ce a'a, mutane sun gaji, za su sha iska a bakin ruwa, mu huɗu ne kuma ba za mu daɗe ba. Na ga ya buɗe baki zai ce wani abu, ya dubi fuskar Umma, ya mayar da shi ciki.

Gidan yana bayan masallaci, fari, mai ƙofa shuɗiya. Aka shiga da Baba zauren maza, mu kuma wata budurwa, ƙanwar Musallam mai suna Khiyar, ta wuce da mu ɗakin mata. Ɗaki ne mai faɗi, matasai jere jikin bango, darduma sabuwa har da alamar ninki a tsakiyarta. Mahaifiyarsa, Ummu Musallam, ta taso ta tare mu tun daga ƙofa, gajeriya ce kakkaura, da zoben zinariya a hanci da rigar karammiski irin tasu, gaba iya ƙwauri, baya yana jan ƙasa. Ta rungume Umma, ta rungume Gwaggo, da ta zo kaina sai ta kama hannuna da hannu biyu ta tsaya tana kallona, ba ta saki ba har sai da na fara tunanin ko zan zauna da ita a haka. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, Zuwaina, an ci rabin hanya.

Muka zauna. Gwaggo ba ta gama tattara abayarta ba, kwanon alewar yana kan cinyar Umma ba a miƙa ba, sai ga Khiyar ta dawo ɗauke da kaskon turare, garwashi ja wur, luban yana tashi. Ummu Musallam ta karɓa tana murmushi, ta durƙusa gaban Umma ta ɗaga gefen mayafinta ta shigar da hayaƙin, ta yi wa Gwaggo, ta zo kaina ta daɗe, ta turara mini har gashi.

Ban san yadda ake yi a garinku ba, amma a wajenmu kowace yarinya ta san tsarin tun kafin ta iya ɗaura ɗankwali. Baƙo ya zo, a kawo kayan marmari, a kawo alewa da dabino, a zuba gahawa, a yi hira. Idan an gama komai, sai a yayyafa ruwan wardi a zagaya da kasko, kuma da hayaƙin ya taɓa rigarka ka miƙe ka nemi takalminka. Ba a faɗa da baki, kaskon ne yake sallama. Kakata ta taɓa fitar da wata maƙwabciya mai yawan zama da shi tun ba a yi la'asar ba, shekara uku matar ba ta gaishe ta ba. Mu kuwa ko ruwa ba a ba mu ba. Kilomita dubu, abaya a cikin zanin gado, aka tare mu da sallama ana murmushi.

Kunya ta rufe ni tun daga tafin ƙafa. Na dubi Gwaggo, fuskarta ta yi haske irin na wanda aka yi wa albishir yana ƙoƙarin ɓoyewa. Na dubi Umma. Umma ta ajiye kwanon alewar a kan darduma a hankali, ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce an gode da karamci, Allah ya bar zumunci. Ummu Musallam ta ɗauka wanke hannu za a yi, ta nuna mata ƙofar banɗaki. Umma ta wuce ƙofar banɗakin, ta wuce tsakar gida, ta ciro waya ta kira Baba.

"Abu Zuwaina, ka fito. An turara mu."

Baba ya fito a cikin daƙiƙa talatin da ƙwallon dabino a hannu, ya rasa inda zai ajiye shi, ya sa a aljihu. Musallam ya biyo shi yana tambayar lafiya, Umma ta ce lafiya lau, hanya ce da nisa. Ni ban iya ɗaga kai ba. Da muka isa bas mutane ba su gama shimfiɗa tabarma ba, Gwaggo ta duba wayarta ta sanar cewa minti goma sha ɗaya muka yi, har da tafiyar ƙafa.

Kowa ya hau ya zauna shiru, irin shirun da ake yi don a ji sosai. Gwaggo ba ta bar su da yunwa ba. Ta ce ko zama ba mu yi ba aka kawo kasko. A kujera ta uku labarin ya zama a tsaye aka turara mu, kafin ya kai baya an ce a bakin ƙofa. Wata ta ce ita dama ta ji mutanen kudu ba sa son bare. Dattijon nan mai neman ruwa ya ce to ai sai a koma inda ake yayyafi. Baba ya zauna kusa da direba yana kallon kyanwar bakin kanti kamar tare suka zo.

Wayata tana ta motsi, layi ɗaya ne na sabis, yana zuwa yana tafiya. Na buɗe, Musallam ne.

"Me ya faru?"

"Ka tambayi Ummanka."

"Tana tsaye a tsakar gida riƙe da butar gahawa. Ita ma ni take tambaya."

"An ba mu turare, Musallam."

"E."

"Muna zama."

"E mana. Bai yi ƙamshi ba ne?"

Na tsaya ina kallon wannan tambayar. Na san Musallam shekara shida, bai iya baƙar magana ba, ko ba'a sai ya yi bayaninta daga baya. Na rubuta masa abin da kasko yake nufi a gidanmu, na yi kuskure uku ban gyara ba. Sabis ya ɗauke. Da ya dawo sai saƙonni suka zubo a jere. Ya ce a wajensu wanda ya sha hanya da hayaƙi ake tarbarsa kafin komai, a kore masa gajiya da warin mota, sannan gahawa. Ya ce luban ɗin na bishiyoyin kawunsa ne, farin, wanda mahaifiyarsa take ɓoyewa a ƙasan akwati, tun bikin yayarsa ba a ƙona shi ba. Ya ce shi da ya zauna a Maskat ya kamata ya tuna, bai tuna ba, a ɗakin kwanan ɗalibai ba wanda yake turara kowa. Na ƙarshen ya ce awaki uku aka yanka tun safe, na bas ɗin gaba ɗaya, naman yana kan duwatsu masu zafi a bayan gida yanzu haka, maƙwabta sun kawo tabarmi.

Dariya ta taso mini tare da kuka. Na juya da sauri na miƙa wa Umma wayar, na ce ta karanta, kuskure ne, tarba ce ba sallama ba, haka suke yi a nan. Ba ta karɓa ba. Idonta yana kan teku.

"Tun kina goye nake zuwa kudu," ta ce a hankali, yadda Gwaggo ba za ta ji ba. "Kina tsammanin ban san yadda suke karɓar baƙo ba?"

Na sauke wayar a cinyata, ta ci gaba.

"Na shiga ina neman abin da zan kama. Gida tsaf, yarinya mai ladabi, uwar ta riƙe hannunki kamar an riga an ba ta ke. Ban sami komai ba sai hayaƙi, sai na kama hayaƙin."

Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yi da ita ba. Na ce mata ta sa na tsani matar da ta yanka mana awaki uku, ta bar ni na ji kunya gaban bas guda, ta bar baiwar Allah tsaye da buta a tsakar gidanta. Umma ta ce ta sani. Ta ɗaga hannun riga ta nuna mini agogonta.

"Tun daga ƙofar gida nake ƙirgawa. Awa goma sha uku, ban da salla da cin abinci. Ran da aka kira ni aka ce Zuwaina tana naƙuda, awa goma sha uku zan yi a mota ina kallon ƙasa shimfiɗe. Ran da aka kira ki aka ce Umma ce, haka za ki yi."

Ta mayar da hannun rigar ta rufe agogon. Shekara biyu ina faɗa da ita a kan taurin kai, ashe tsoro ne, kuma ban taɓa tambaya ba. Tausayinta ya kama ni, haushin bai tafi ba, na zauna da su biyun. Sai na faɗi abin da ban taɓa faɗa mata da baki ba, domin a gidanmu ba a faɗa.

"Umma, ina son shi. Ba zan shiga gidan nan ba sai da yardarki, amma ba zan auri katangar Gwaggo ba."

Gwaggo ta ce wa direba ya tayar, kada la'asar ta same mu a cikin duwatsu. Ya tayar da mota, ya kai hannu zai rufe ƙofa, sai ya tsaya.

Ummu Musallam ce take tahowa ta bakin tashar, ita kaɗai a gaba, jelar rigarta tana share yashi, butar gahawa har yanzu a hannunta, da alama ta manta tana riƙe da ita. Musallam yana binta a baya da tazarar wanda aka yi wa faɗa a hanya. Ta zo ta dafa ƙofar, ta hau matakala ɗaya tana haki, ta ƙare wa bas ɗin kallo.

"An ce na kore ku," ta ce. "Ni ko akuyar maƙwabta ban taɓa kora daga gidana ba sai ta ci. Ina uwar yarinyar?"

Ba wanda ya nuna, amma kowa ya juya. Ta bi idanun har ta samu Umma.

"'Yar'uwa, ɗana ya gaya mini yadda kuke yi a arewa. To ku dawo mu fara daga farko. Idan kun ci kun ƙoshi, ke za ki ce a kawo kaskon, in ba ki ce ba ba za a kawo ba, ko da za ku shekara."

Dattijon baya ya tambayi na kusa da shi ko gaskiya ne awaki uku, ban san yadda labarin ya kai can ba. Baba ya juyo daga kujerarsa ya ce wa iska, ba wa kowa ba, cewa su ma a zauren maza an kawo musu kaskon, amma ya hango buta a bayansa sai ya jira. Gwaggo ta ce masa to me ya hana shi faɗa. Ya ce ba a tambaye shi ba.

Ina jin numfashin Umma, ina jin injin motar, ina kallon Musallam a ƙasa yana danne rawaninsa da hannu ɗaya. Can ta sunkuya ta lalubo takalminta a ƙarƙashin kujera.

"An yanka dabbobi, ba za a bar su su lalace ba," ta ce. "Amma amsata ba a cikin nama take ba."

Ummu Musallam ta ce ita ma ba a nama ta sa tambayar ba. Daga nan bas ya fashe, mutanen da minti biyar da suka wuce suka tabbatar da cewa mutanen kudu ba sa son bare suka fara tura juna a ƙofa. Gwaggo ta sauka tana cewa ita dama abin bai kwanta mata ba. Na miƙe ina gyara hannun abayata, Umma ta dafa kafaɗata ta mayar da ni kujera.

"Ke zauna nan."

"Umma?"

"In kina wurin ba zan iya magana ba. Ko e ko a'a, kuka zan yi, kuma ba zan yi kuka gaban Nasra ba."

Haka aka yi. Mutum ashirin da biyu da direba suka bi jelar rigar karammiski suka shige bayan masallaci cin naman da aka yanka saboda ni, ni kuma aka bar mini makulli da rabin gorar ruwa. Daga nan nake rubuto muku, na ɗaga wayar sama jikin taga saboda a nan ne kawai sabis yake kamawa. Ƙamshin gashin yana zuwa har nan. Khiyar ta kawo mini faranti a rufe ta koma da gudu, ta ce ba za ta bari wani abu ya wuce ta ba, ita ce take zuba gahawa kuma ita ce take kai wa yayanta rahoto ta bakin taga.

Rahoton farko ya ce Umma ta ci loma biyu ta wanke hannu. Na biyu ya ce ta nemi a zagaya da ita gidan, ta buɗe kowace ƙofa, ta tambayi nisan asibiti, ta danna katifar ɗakin baƙi da tafin hannu. Daga nan sabis ya ɗauke na tsawon lokacin da ya isa in cinye farcen yatsa biyu, lalle da komai. Da ya dawo saƙo uku ne daga Musallam.

"Ummanki ta tambayi wata nawa uwar mace take zama a nan idan 'yarta ta haihu."

"Ummana ta ce kwana arba'in. Ummanki ta ce wata huɗu ko ba komai."

"Yanzu Gwaggonki ta ajiye ƙashin da take ci ta ce tana da magana."